Labulen da Na-Taɓa Ya Ɗinka wa Dodo

Na-Taɓa ake ce masa a gidan benen, kuma shi ya jawo wa kansa. Ba ka isa ka ba da labari a gabansa ka kai ƙarshe ba. Ka ce ka ga maciji a bayan shago, zai gyara zama ya ce, "Ai ni na taɓa ɗaure mesa da tef ɗin awo." Ka ce ɓarawo ya haura katanga, ya ce ya taɓa korar bakwai da almakashi, na takwas ɗin ma roƙonsa ya yi. Sana'arsa ɗinkin labule, shagonsa na nan a ƙasan benen, kuma tsakani da Allah hannunsa na da kyau. Bakin ne dai aka manta ba a yi masa kalmasa ba.

Matarsa ta daɗe da daina saurare. In ya fara sai ta ce "to" ta ci gaba da guga. Babban ɗansu, ɗan shekara goma sha uku, da ya ji "na taɓa" sai ya tuna yana da aikin makaranta. Mutum ɗaya ce tak a duniya ta yarda da shi, ita ce Auta, 'yar shekara shida mai giɓi a gaba. In ta ga tsaka a banɗaki ko kyankyaso a bayan firij, ba ta kiran kowa sai "Baba!" Shi kuwa sai ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki silifa kamar mai fita yaƙi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana buga ƙafa har abin ya gaji ya tafi don kansa. Ya dawo yana huci ya ce ya yi masa gargaɗi na ƙarshe. Auta ta ɗaga kai tana kallonsa baki buɗe, gobe ta kai labarin makaranta. Wannan kallon shi ne kaɗai abin da Na-Taɓa ya mallaka wanda ba shi ya ɗinka ba, kuma ya sani.

Rigimar ta faro ne ranar da babban yaron ya zo da roƙo. Akwai wani fim da duk 'yan ajinsu suka kalla, na wani dodo da ke zaune cikin tankin ruwa a saman wani bene, yana biyo bututu yana shiga gidajen mutane. Uwar ta karɓi na'urar canja tasha, ta nemo fim ɗin, ta nuna jar lambar da ke kusurwa.

"Karanta min."

"Sha shida."

"Kai nawa?"

"Sha uku. Amma Mama..."

"Ƙanwarka shida. An gama magana."

Na-Taɓa yana kishingiɗe yana sakace, ya ce, "In aka haɗa su ai sha tara ne. Sun ma wuce."

"Baban yara, ba da wasa nake ba."

"Ni ma haka. Wannan lambar an sa ta ne don gidajen da babu dabara." Ya tashi zaune, idonsa na ƙyalli, alamar da matarsa ta fi tsoro a duniya. "Fim kamar yadi ne. Ba duka ne ke da tabo ba. In ka ga tabo a yadi, jefar da bandir ɗin kake? A'a, ɓoye shi kake cikin ninki. Zan ɗinka wa talabijin labule. Dodo na fitowa, in ja igiya. Yana wucewa, in buɗe. Fim ɗin manya ya koma na iyali. Kafin wata ya zagayo, kowane gida sai ya zo yana roƙona in yi masa."

"Kunnuwan fa? Su ma za ka ɗinka musu nasu?"

"Kunne ba ya tsoro. Kin taɓa ganin wanda ya ga maciji ya toshe kunne?"

"Ka kalli fim ɗin ma tukuna?"

"Ni? Na taɓa kallon wanda ya haifi wannan. Ni kaɗai a ɗaki. Barci ma ya ɗauke ni."

Auta ta rungume gwiwarsa ta ce, "Mama, in Baba yana nan dodo ba zai fito ba."

Matar ta dubi 'yar, ta dubi uban, ta ce, "To. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Washegari a shago ya ce bari ya leƙa fim ɗin a waya, don ya san wuraren tabo. Ya kalli sunaye suna wucewa, ya kalli wata mata tana wanke kofi. Sai bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanken ya fara motsi shi kaɗai. Na-Taɓa ya kife wayar, ya ɗora mata bandir biyu na yadi, ya fita rana ya tsaya yana gaida masu wucewa har waɗanda bai sani ba. Da ya dawo ya yanke shawarar cewa kallon gaba ɓata lokaci ne. Ai kowa ya san irin waɗannan finafinan, kiɗa ne ke yi wa dodo sallama. Da ya ji kiɗa ya tashi, sai ya ja igiya.

Da ya tsaya a kan iyalinsa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina amfanin dabara in ba a gani ba? Ya bi benen hawa hawa yana gayyata. A hawa na biyu Direba, wani ƙaton mutum mai tuƙa bas wanda bai taɓa ƙin abin da ba a biya ba, ya ce zai zo da 'ya'yansa maza biyu. A hawa na uku ya ci karo da Nas, ma'aikaciyar asibiti, tana dawowa daga aiki.

"Yara 'yan nawa?" in ji ta.

"Kowane iri. Ko na goye."

"Malam, yaro ƙarami ba ya raba abin da ke cikin akwati da abin da ke cikin ɗaki. Shi ya sa aka sa lambar."

"Waɗanda suka sa lambar sun san ni?"

"Da sun san ka, da kai ma sun sa maka taka. Tawa 'yar ba za ta zo ba. Ni dai zan zo."

"Kin ga, kin fara yarda."

"Da akwatin magani zan zo."

Ranar Asabar tun safe babu ruwa a famfo. Matarsa ta murɗa na kicin ta bar shi a buɗe don ta ji zuwansa, kamar yadda kowa ke yi a gidan, domin bututun benen tsofaffi ne, in ruwa ya taho sai sun yi gurnani da tari kafin su saki ko ɗigo. Na-Taɓa bai ma lura ba, yana can yana kafa sanda. Mutumin da ya kafa sandunan labule a rabin unguwa, kowace da ƙusoshi da matosai, a nasa falon ƙusa biyu ya buga a filasta, ya ce sun isa. Ya rataya jan karammiski mai nauyi, ragowar wani aikin otal, ya zura igiyoyi biyu, ta rufewa da ta buɗewa. Tagogi kuma ya lulluɓe su da baƙin yadi, har da rana tsaka falon ya zama kamar cikin buhu.

"Ƙusoshin nan ba za su ɗauka ba," in ji matarsa.

"Ke da guga, ni da ƙusa."

Bayan an ci abincin rana aka hallara. Direba ya cika kujera mai zaman biyu shi kaɗai, 'ya'yansa a ƙasa. Nas ta zauna kusa da ƙofa, akwatinta a cinya. Na-Taɓa ya tsaya gefen talabijin, ya naɗe igiyoyin a wuyan hannu, ya yi gyaran murya. Auta ta zauna dab da ƙafarsa ta riƙe bakin wandonsa.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ba a taɓa yin sa ba. Duk wanda ya ji tsoro, ya dube ni."

Aka fara. Matar cikin fim ɗin ta nufi wani kabad a hankali, kiɗa ya fara hawa. Shuuu, Na-Taɓa ya ja igiya, karammiski ya rufe ruf. Daga bayan labule aka ji "miyau".

"Baba, mage ce," in ji babban yaron.

"Magen dodo ce. Ta fi shi cizo."

Ya buɗe. Ba a jima ba kiɗa ya sake tashi, ya sake rufewa. Aka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, wani yana cewa ya kawo saƙo. Karo na gaba ya rufe a kan wani mutum da ke neman makullin mota. Direba ya yi hamma har kujerar ta amsa.

"Mai labule, fim muka zo kallo ko yadi? In tallar kaya ce ka faɗa mana."

"Haƙuri, maigida. Rigakafi ya fi magani."

"To ai har yanzu ba mu ga ciwon ba."

Abin ya sosa masa rai. Da fim ɗin ya kai wani wuri shiru, babu kiɗa ko kaɗan, wani tsoho yana goge baki a gaban madubi, sai Na-Taɓa ya juya wa talabijin baya ya fuskanci jama'a don ya yi darasi.

"Kun ga irin nan wurin, shi ake kira lafiyayyen yadi. Ko jariri ka ajiye..."

Falon ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ya waiwaya. Tsakanin hancinsa da abin bai fi taƙi ɗaya ba: wani hannu mai yauƙi, yatsu kamar tsutsotsi, ya fito daga ramin wurin wanke baki ya naɗe fuskar tsohon. Na-Taɓa ya fizgi igiya, ashe ta buɗewa ce, labulen ya ƙara wangalewa har an ga soket ɗin bango. Ya fizgi ɗayar, ta harɗe da agogonsa. Kafin ya warware, an gama da tsohon har an share wurin. Sai ga karammiski ya rufe a kan wata yarinya tana ba tsuntsaye hatsi da hantsi.

Ƙaramin ɗan Direba ya riga ya shige ƙarƙashin kujera, ƙafafunsa kawai ake gani. Nas ta miƙe.

"Ya isa haka. A kashe."

"Kashe shi, Baban yara," in ji matarsa.

Wallahi da zuciya ɗaya ya so ya kashe. Hannunsa har ya nufi soket. Sai ya ji an ja wandonsa. Auta ce, idanunta sun firfito, amma ta kafe su a kansa.

"Baba, ya kai mesar da ka ɗaure?"

Na-Taɓa ya janye hannunsa daga soket.

"Wannan? Ai jikanta ne. Ba inda za a kashe. Kuskuren igiya ne, kuma na gano maganinsa."

Maganin kuwa shi ne ya rufe labulen gaba ɗaya, ya zura kansa ta tsakiya, shi ya kalla, ya riƙa ba su labari. In wuri ya yi kyau sai ya buɗe. Haka aka yi. Jama'a suka zauna cikin duhu suna kallon jan yadi da bayan mutum a duƙe, shi kuma can ciki daga shi sai dodo, fuska da fuska, babu mai raba su.

"Yanzu suna hawa bene," in ji muryarsa daga ciki. "Lafiya lau. Suna hira. Sun buɗe murfin tanki. Suna... suna duba ruwa."

Aka ji wani ƙaras, ƙaras, ƙurus.

"Mene ne wannan, Kawu?" in ji babban ɗan Direba.

"Biskit yake ci."

"Biskit ɗin ne ke cewa a taimake shi?"

"Na waje ne. Haka suke."

Yaran suka matsu wuri ɗaya. Abin da ido bai gani ba, zuciya ta zana shi da ƙari. Wanda ke ƙarƙashin kujera ya ce ya san kan dodon bakwai ne. Wansa ya ce ƙarya ne, ba shi da kai sam, baki ne kawai da ƙafafu. Babban ɗan Na-Taɓa, wanda ya roƙi fim ɗin da bakinsa, ya ja matashin kujera ya rungume, ya matsa jikin uwarsa yana yi kamar wuri yake nema.

"Malam, ƙafafunka na rawa," in ji Nas.

"Kiɗan nake bi."

"Babu kiɗa."

"A zuci."

Abin da ba su sani ba, tun lokacin biskit Na-Taɓa ya runtse idanu gam. Labarin da yake bayarwa daga kansa yake yankowa. Ana jin mutane na kururuwa ana fasa gilasai, shi yana cewa, "Yanzu an yi sulhu. Dodo ya ba da haƙuri. Ya ce yunwa ce ta sa shi. Ga shi suna musabaha."

"Da wane hannun?" in ji Direba, wanda shi ma ya daina hamma, ya ɗauke ƙafafunsa daga ƙasa.

Can sai fim ɗin ya yi tsit. Na-Taɓa, ido a rufe, ya ce a ransa an tsira. Ya zaro kai, ya ja igiyar buɗewa da ƙarfinsa yana murmushi.

"Ga shi nan, komai ya wuce!"

Dodon ne gaba ɗayansa, ya cika gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, baki a wangale, yana kallon falon.

Kuma a daidai nan Allah ya kawo ruwa.

Bututun da ke cikin bango, bayan talabijin ɗin, ya yi wani dogon gurnani. Ya kaɗa, ya buga, gurnanin ya bi bango ya zagaya falon. Famfon kicin ya yi tari sau biyu, ya yi kakari, ya fesa. Kowane mai zama a benen ya san wannan ƙarar kamar muryar uwarsa. Na-Taɓa ma ya san ta. Amma sani daban, ƙafa daban.

Ya yi tsalle da baya, igiyoyin na naɗe a hannunsa. Ƙusa biyun nan suka ce ga garinku. Sanda ta sauka a tsakar kansa, karammiski ya rufto masa tun daga kai har ƙafa, igiya ta shaƙe masa wuyan hannu.

"Ya kama ni! Wayyo Allah, ya kama ni! Ya naɗe ni!"

Cikin duhu yara suka ga wani jan abu marar kai ya taso daga wajen talabijin yana bori. Ihu ya kaure. Direba ya haye bayan kujera, kujerar ta kife da shi. Auta kaɗai ba ta gudu ba. Ta ƙanƙame ƙafar ubanta da hannu biyu tana kuka tana cewa, "Baba, yi masa gargaɗi! Baba, ɗauki silifa!"

Ya ji an riƙe masa ƙafa, ya kuma ji muryar. Ya san ko wace ce. Ya fizge ƙafar, yarinyar ta faɗi zaune daɓas. Ya laluba ya sami ƙofa, ya ture Nas da akwatinta, ya faɗa waje, ya jawo ƙofar garam, ya danna sakatar waje. Sannan ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Zuwan ruwa ya riga ya fito da kowa. Tsakar gidan cike take da mata da bokitai da jarkoki a layin famfon ƙasa, ga masu shanya, ga yara. Sai ga wani jan ƙunshi ya gangaro daga matakala yana ruri, sanda na jan ƙasa a bayansa ƙararrang. Layi ya watse. Wata ta watsa masa ruwan bokiti, wata ta rufe shi da duka da sandar goge ƙasa. Wata tsohuwa da ke hawa na ɗaya, wadda ba ta iya gudu, ta tsaya ta taka bakin yadin. Ƙunshin ya yi gaba, yadin ya tsaya, sai ga Na-Taɓa ya fito daga ciki, jiƙe sharkaf, silifa ɗaya, ƙulu a goshi.

"Ku rufe famfo! Yana cikin tanki! Ta bututu yake bi!"

"Wa?" in ji tsohuwar.

"Dodo!"

"Ɗan nan, tun safe muke jiran ruwan nan. Ko da dodon ne a ciki, sai na cika bokitina."

Sai aka ji shuuu daga sama. Kowa ya ɗaga kai. Baƙin labulen tagar falonsa ne aka yaye, cikin natsuwa, ba tare da igiya ta harɗe ba. Ga matarsa tsaye, ga Direba yana dafe da ƙugu, ga yara sun jeru. Nas na ɗauke da Auta.

"Baban yara," in ji matar, da muryar da take tambayar ko a ƙara gishiri, "in ka gama, zo ka buɗe mana ƙofa."

Na-Taɓa ya dubi sama, ya dubi jama'a, ya gyara wuyan rigarsa da ke ɗiga.

"Dabara ce. Na rufe shi ciki ne kada ya fito ya cuci mutane."

"Ka rufe shi da mu."

"To ai... na san kina nan."

"Ka rufe shi da abincinsa, ka ce," in ji Direba. "Ni ne ma babban kaso."

Dariya ta fashe. Wata mata ta zauna a kan jarkarta tana riƙe ciki. Wata ta ce, "Ba kai ne ka kori ɓarayi bakwai ba?" Wata ta amsa mata, "Ai su ba ta famfo suka biyo ba."

"Baba, an kashe talabijin ɗin," in ji babban yaron. "Mama ta cire waya. Hawo."

"Ina tsare hanya tukuna."

"Malam," in ji Nas, "na duba kowa a nan, ba wanda ya ji ciwo sai 'yarka da ta buge gwiwar hannu. Ka san wanda ya ture ta?"

Na-Taɓa ya ɗaga kai ya nemi idon Auta. Ba ta kuka, ba ta dariya. Kallonsa kawai take, irin kallon da ake yi wa baƙo a ƙofa kafin a tambaye shi wa yake nema. Sannan ta kwantar da kanta a kafaɗar Nas. Tsohuwar nan ce ta ajiye bokitinta, ta hau benen tana nishi tana hutawa, ta zare sakatar.

Abin bai tsaya nan ba. 'Ya'yan Direba suka yi yajin wanka. Ko kofin ruwa aka miƙa wa ƙaramin sai ya leƙa ciki. Da wari ya ishi gidan, Direba ya jawo su har shago ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara, Na-Taɓa ya zo ya tsaya musu a ƙofar banɗaki.

"Ba matsala," in ji Na-Taɓa, yana ƙoƙarin dawo da murya. "Ai ni na taɓa..."

"Ba ma so!" in ji ƙaramin. "Rufe mu zai yi!"

Jan karammiskin kuwa tsohuwar ta wanke ta shanya a igiyar tsakar gida, inda kowa zai gani, ta ce sai ya bushe sosai. Ya daɗe bai bushe ba. Yaran benen suka ƙirƙiro sabon wasa: ɗaya ya lulluɓa da zane ya yi ta ihun an kama shi, sauran su faɗi zaune.

Duk wannan Na-Taɓa ya shanye, don dariyar maƙwabta ba baƙuwarsa ba ce. Auta yake jira. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta tada maganar ba. Tana gaishe shi da safe, tana kawo masa ruwa. Gwiwar hannun ta warke. Ya ce a ransa yaro ai mantuwa gare shi, tsaka ɗaya ta isa ta gyara komai.

Wata ranar Lahadi da hantsi yana zaune a falo yana ɗinke maɓallin riga, sai ya ji 'yar ƙara daga banɗaki, da gudun ƙananan ƙafafu.

"Ba..."

Ya yar da allura. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ɗauki silifa, ƙirji a gaba. Auta ta fito da gudu, ta tsaya turus a gabansa. Ta dubi silifar, ta dube shi. Sai ta kama hannunsa a hankali, ta mayar da shi kan kujera, ta ɗauko rigar ta ɗora masa a cinya.

"Ba komai, Baba. Yi ɗinkinka."

Ta wuce kicin a kan yatsun ƙafa. Ta yi ƙasa da murya, amma falon ƙarami ne, ya ji komai.

"Mama, akwai tsaka a banɗaki, babba. Zo a hankali, kada Baba ya gani. Bai kai ba tukuna."

Matar ta fito da tsintsiya ta wuce ta gabansa, ba ta ko dube shi ba. Auta ta bi ta, ta tsaya, ta dawo ta ja labulen ƙofar falon ta rufe shi ruf.